Daga Azare Zuwa Alƙahira, Neman Sanin Abin da Ke Damuna

Ciwon da ya kai ni Masar ba shi da kumburi, ba shi da rauni, ba ya kuma fitowa a hoton asibiti. Shekaru na yi ina kwana ina tashi da shi. Yau yana wuya da kafaɗa, gobe ya sauka ƙugu da cinyoyi, jibi ya game jiki har tafin ƙafa. Ko na yi barcin dare cikakke, sai in farka a gajiye fiye da yadda na kwanta. Ina tsaka da koyarwa a aji, kalmar da na sani sarai sai ta ɓace mini, in tsaya ina lalubenta a gaban allo. Maganin maleriya da na taifot kuwa ba irin wanda ban sha ba, domin duk sanda aka ɗebi jinina aka yi gwajin Widal sai a ce an ga taifot. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce amosanin ƙashi, wasu suka ce jifa. An yi mini ƙaho, na sha saƙe-saƙi, an yi ruƙiyya. Diclofenac na yi ta haɗiya har ya fara cin cikina. Ranar da ta fi kowace zafi ita ce wadda sakamakon gwaje-gwaje ya fito fes, likita ya ce, "Malama, lafiyarki ƙalau, ki rage tunani." Daga nan na ga wasu a gida sun fara yi mini kallon mai raki.

Yayana ne ya ce ba za a zuba ido ba, tunda mutanenmu na zuwa Masar neman magani, mu ma mu gwada. Na kwashi adashi, na sayar da 'yan kunnena na gwal, 'yan'uwa suka yi karo-karo. Biza da katin rigakafin shawara suka fito ba tare da wata doguwar wahala ba.

Mun bar Azare bayan sallar asuba a watan Nuwamba na 2024, hunturu ya fara leƙowa. Litar fetur ta haura naira 1,000 a lokacin, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, amma duk da haka Yaya ya biya mini kujerar gaba ni kaɗai don in samu miƙe ƙafa. Muka haye gadar Jama'are rana na fitowa, muka wuce Kiyawa da Shuwarin. Mai lafiya ba ya lura da ramukan hanya yadda mai ciwon jiki yake lura da su. Kowane rami sai na ji shi a gadon bayana, har direba ya gane, ya riƙa sassautawa yana cewa, "Sannu Hajiya, yi haƙuri." A Wudil muka tsaya na taka ƙasa, na sha fura, sannan muka ƙarasa Kano.

A Fagge muka sauka gidan Gwaggo. Yaya ya nufi Wapa canjin kuɗi, ya dawo jikinsa a sanyaye, domin dala ɗaya ta haura naira 1,600, kuɗin da muka ɗauka da yawa ya koma 'yan takardu da ba su cika ambulan ba. Gwaggo kuwa ta kwana tana ƙulle-ƙulle: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji da dambun nama. Na ce mata kayan sun yi yawa. Ta ce, "Ke dai tafi da su. Yaranmu da ke karatu a can ba abin da suke marmari kamar waɗannan, kuma su ne za su zame miki dangi." Maganarta ta tabbata.

A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano na gane cewa ba mu kaɗai ba ne. Akwai ɗalibai, akwai 'yan kasuwa, akwai masu wucewa Umara, amma da ka ga mai rungume da babbar ambulan ta hoton ƙashi ka san tafiyarku ɗaya. Wani dattijo a keken marasa lafiya za a duba masa ƙoda. Wata mata za a yi wa ɗanta aikin ido. Kowa ya san sunan ciwonsa, yana faɗa ana yi masa addu'a. Da wadda ke kusa da ni ta tambaye ni abin da ke damuna, sai na ce ciwon jiki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga ina tafiya da ƙafata, ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta juya. Na saba da wannan kallon.

Awa huɗu da ɗoriya muka yi a sama, mafi yawanta bisa hamada. Wani ɗan unguwarmu da ke karatu a Azhar ya tarbe mu, ya kai mu Madinatu Nasr, sashen da ake kira Hayyul Ashir, inda ɗaliban Afirka da na Asiya suka yi yawa. Ya riga ya kama mana gida mai ɗaki biyu da kayansa a hawa na uku. Ya ba mu haƙuri kan tsadar haya, ya ce tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 mutane suka kwararo Alƙahira, kuɗin gidaje ya ɗaga. Mun baro Arewa ba da jimawa da fita daga duhun ƙarshen Oktoba ba, lokacin da aka shafe kwanaki babu wutar lantarki a jihohinmu. A nan kuwa tun da muka sauka har muka tashi wuta ba ta ƙifta ba, gas na zuwa ta bututu har kicin, ruwan zafi na jira a banɗaki. Ga mai ciwo irin nawa, wanka da ruwan ɗumi da asuba ba ƙaramin jinƙai ba ne. Abin da Azare ta fi Alƙahira shi ne sarari da shiru. Ba tsakar gida, ba inuwar darbejiya, ƙarar hon ba ta yankewa har tsakar dare.

Kowane bene yana da mai gadinsa da ke zaune da iyalinsa a ƙasa. Namu mutumin kudancin Masar ne, mai doguwar jallabiya. Da ya ga ina hawa matakala ina hutawa, sai ya karɓi aikin sayo mana burodi da kayan miya. Washegari matar da ke ƙofa da ƙofa da mu ta ƙwanƙwasa, ta miƙo kwano a rufe tana cewa, "Alfi salama, ya Hajja." Da na buɗe sai na ga miyar lalo ce, wadda suke kira mulukiyya, an yanka ta sala-sala an soya mata tafarnuwa, ga shinkafa da kaza. Ban san sunanta ba, ba ta san nawa ba, ta dai ji an ce baƙuwa ba ta da lafiya. Da na mayar da kwanon na zuba mata dambun nama.

Abincinsu bai yi wa bakina nisa ba. Da safe wake ne da aka dafa ya yi lugub, suna ce masa ful, a ci da burodinsu mai faɗi. Akwai ta'amiyya, ƙosai ne sak, sai dai da ganye a ciki har tsakiyarsa ta yi kore. Abincin talaka na rana shi ne kushari: shinkafa, taliya, adas, soyayyar albasa da miyar tumatir, wanda ya tuna mini da garau-garau. Zoɓonmu ma yana nan, da sanyi da zafi, ga ruwan rake ana matsewa a gabanka a kowane lungu. Fam ɗaya na Masar ya ɗan haura naira 30 a lokacin, don haka komai muka saya sai Yaya ya buga lissafi. Kayan lambu da burodi sun fi namu araha, nama kuwa ya fi namu tsada. Su ma kukan tsadar rayuwa suke yi. A Maris ɗin shekarar aka karya darajar kuɗinsu, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, a Yuni kuma gwamnati ta ɗaga farashin burodin tallafi daga ƙirshi 5 zuwa 20, bayan ya shekara fiye da 30 bai motsa ba.

Daren farko ɗalibai suka cika mana falo, aka tuƙa tuwo aka kaɗa kukar Gwaggo. A nan aka yi mana nasihar da ta fi komai amfani. Matar wani babban ɗalibi, wadda ta raka marasa lafiya da yawa asibiti, ta saurari labarina har ƙarshe. Ta ce, "Anti, ki yi hattara da dillalan asibiti. Wasu na da kamasho a kan kowane hoto da kowace tiyata. Ciwon da ke yawo a jiki ba na likitan tiyatar ƙashi ba ne. Ki fara da likitan cututtukan gaɓoɓi da garkuwar jiki, wanda a nan suke kira likitan rumatizim." Duk yawon da na yi, ban taɓa jin cewa akwai likita na musamman a wannan fanni ba.

Likitocin Alƙahira da safe suna asibitocin gwamnati da na jami'a, da yamma kuma kowa ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya na kansa. Wadda aka haɗa mu da ita tana Duƙƙi, a tsallaken Nilu. Muka hau ƙaramar bas zuwa Abbasiyya, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka canza a Ataba, ya bi da mu ta ƙarƙashin kogin. Tikitin fam 8 ne kacal a lokacin. Wannan jirgi tun 1987 yake aiki, shi ne na farko a Afirka, kuma a tsakiyarsa akwai taragun mata zalla. Ina shiga wata budurwa mai riƙe da littattafai ta dubi fuskata ta miƙe ta ba ni wurinta, ban roƙa ba. A Duƙƙi kuwa benaye ne da allunan likitoci suka rufe fuskarsu tun daga ƙasa har sama.

A ɗakin jira ina yi wa Yaya magana sai na ji an ce, "Sannu baiwar Allah, daga ina?" Wata dattijuwa ce cikin lafaya irin ta Sudan. Hausarta tsohuwa ce mai daɗi, gauraye da Larabci. Kakanta ya bar ƙasar Kano a ƙafa da niyyar Hajji, ya yada zango a Jazira ta ƙasar Sudan, zuri'arsa ba ta taɓa ganin Najeriya ba. Yaƙi ne ya fitar da su daga Wad Madani a ƙarshen 2023. Yatsunta sun karkace saboda amosanin gaɓɓai. Ta riƙe hannuna tana juyawa, ta ce, "Naki ba a gani, ko? Wanda ba a gani ya fi wuyar ɗauka, 'yata, don ke kaɗai kike ɗauke da shi." Matar da ta rasa gida da gari ita ce ta fara ba ni haƙuri a kan ciwona.

Likitar farfesa ce mai yawan shekaru. Ta karɓi jakar takarduna ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka kode. Sannan ta ajiye biro ta ce in ba ta labari tun daga farko, ɗalibinmu yana fassarawa inda Turanci ya gaza. Ta tambayi abubuwan da ba wanda ya taɓa tambayata: yadda nake barci, yadda nake tashi, ko ina mantuwa, ko cikina na kumbura, ko ƙara da haske na damuna, ko ciwon ya soma ne bayan wata rashin lafiya ko wani rashi. Ta miƙo mini takarda mai zanen jikin mutum da aka raba gida 19, ta ce in yi alama a duk inda ya yi mini ciwo a makon da ya wuce. Na yi ta yin alama har zanen ya kusa cika. Ta duba gaɓoɓina ɗaya-ɗaya tana neman kumburi, ba ta samu ba. Ta danna wasu wurare da babban yatsa, a ƙeya, a kafaɗa, a gwiwar hannu, a cikin gwiwa, dannawar da ba ta kai ta kawo ba, amma sai da na yi ƙara. Ba ta yi mamaki ba, ta gyaɗa kai kawai. Ta rubuta gwajin jini: na kumburin cikin jiki, na amosanin gaɓɓai, na lufus, na sinadarin tayirod, na ƙarfin tsoka da na bitamin D. Yaya ya tambaya ko za a yi hoton MRI na jiki duka. Ta ce babu buƙata, kada mu ɓarnatar da kuɗinmu.

Kafin sakamako ya fito muka ziyarci tsohon gari. Muka yi sallah a masallacin Azhar, wanda aka buɗe a shekarar 972, inda ɗalibinmu ya ba mu labarin cewa tun zamanin da ɗaliban Barno suna da sashensu na kwana da karatu a cikinsa. Daga nan muka taka a hankali zuwa titin Mu'izzu, ina tafiya ina zama. A can ne Sarki Ƙalawun ya gina asibitinsa a 1284 zuwa 1285, ya yi masa waƙafi don a duba kowa kyauta, mai kuɗi da talaka, ɗan gari da baƙo. Babban likita Ibnun Nafis, wanda ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu, ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bar wa wannan asibiti gidansa da littattafansa. Har yau akwai asibitin ido a harabar. Na zauna a kan dakalin dutse ina tunanin masu hannu da shuni na garuruwanmu, da abin da waƙafi irin wannan zai yi wa mai ciwon da ba shi da kuɗin mota zuwa Kano, balle na jirgi.

A al'adar likitocinsu, komawa da sakamako cikin 'yan kwanaki ba a sake biyan cikakken kuɗi. Ta duba takardun ta ce bitamin D ɗina ya yi ƙasa, za a gyara, amma ba shi ne tushen matsalar ba. Sauran duk lafiya. Gabana ya faɗi, na zaci za a sake cewa lafiyata ƙalau. Sai ta matso da kujerarta ta ce, "Ciwonki gaskiya ne, kuma sananne ne. Sunansa faibromayaljiya." Ta yi bayani cewa matsalar ba a ƙashi ko tsoka take ba, tana cikin yadda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon zafi. Ta ce kamar lasifika ce da aka ƙure wa murya, ko ɗan tari aka yi kusa da ita sai unguwa ta ji. Shi ya sa gwajin jini da hoto ba sa nuna komai, ana gane shi ne ta hanyar labarin mai ciwo da duba jiki, bayan an tabbatar ba wata cutar ce ta ɓuya ba. Ta ce likitocin wannan fanni na Amurka sun fitar da ma'aunin gane shi a 1990, suka sabunta a 2010 da 2016: ciwo a sassan jiki da yawa na aƙalla wata 3, tare da gajiya, barcin da ba ya wartsakarwa da rikicewar tunani. Yana kama kimanin mutum 2 zuwa 4 cikin 100, kuma an fi gano shi a mata.

Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce babu maganin da ke tumɓuke shi gaba ɗaya, amma ba ya lalata gaɓoɓi, ba ya shanye jiki, ba ya kisa. Ta hana ni diclofenac da allurar kashe zafi, ta gargaɗe ni da kakkausar murya kan tramadol da dexamethasone, ta ce illarsu ta fi amfaninsu a wannan ciwo. Ta rubuta ƙaramin awo na amitriptyline da dare don barci ya gyaru, ta ce akwai wasu magungunan da za a iya gwadawa in wannan bai karɓe ni ba, amma a hannun likita kawai. Babban maganin, in ji ta, shi ne motsa jiki a hankali a hankali: tafiyar minti 10 kullum, a riƙa ƙarawa, da miƙe gaɓoɓi, da tsayar da lokacin kwanciya, da raba aikin gida kada a yi shi a tashi ɗaya ranar da aka ji sauƙi.

Da muka fito Yaya ya yi shiru har muka isa bakin Nilu. Can ya ce, "Yanzu duk wannan tafiya, a ce mana tattaki?" Na fahimce shi, domin ya zo da shirin a yi aiki a cire ciwo a jefar. Na ce masa, "Yaya, yau ce ranar farko da likita ya gaskata ni." Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce da mun koma shi da kansa zai tara 'yan gida ya yi musu bayani. Ya kuwa cika alkawari.

Sauran zamanmu na yi shi ne wajen masu gashin jiki, inda wata matashiya ta koya mini motsa gaɓoɓi a cikin ruwan ɗumi da kuma a kan tabarma, irin wanda zan iya yi a ɗakina. Maganin da aka rubuta mini na wata guda bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. Da muka zauna lissafi, sai muka ga tikitin jirgi da haya ne suka cinye mafi yawan kuɗinmu, abin da ya tafi ga likita da gwaji kaɗan ne a kansu. A ganawar ƙarshe ta ba ni wasiƙa, ta ce in kai wa likitan wannan fanni a gida, domin ciwo ne da ke son bibiya. Ɗalibai suka rako mu filin jirgi da saƙonni niƙi-niƙi zuwa ga iyayensu, mai gadi ya sauko mana da akwatuna ya ƙi karɓar ko sisi sai da Yaya ya matsa.

Bayan dawowa na bincika, na tarar akwai likitocin cututtukan gaɓoɓi a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Maiduguri. Ba su da yawa, layinsu na da tsawo, amma suna nan, kuma a wurin ɗaya daga cikinsu nake ci gaba da zuwa. Ciwon bai rabu da ni ba. Akwai ranakun da yake tashi, musamman cikin sanyi ko bayan hidimar biki. Amma barcina ya gyaru, cikina ya huta da ƙwayoyi, ina zagaya filin makaranta kowace safiya, na kuma daina kashe kuɗi a kan taifot ɗin da ba ni da shi.

Masar ƙasa ce mai karamci da ƙwararrun likitoci, ban yi da-na-sanin zuwa ba. Sai dai abin da ya warware mini matsala ba na'ura ba ce, likita ce da ta san fanninta, ta kuma zauna ta saurare ni. Don haka duk mai fama da ciwon da ya game jiki wata da watanni, gwaji kuma yana fitowa lafiya, kafin ya sayar da gona ko fili ya nemi a tura shi wurin likitan cututtukan gaɓoɓi a asibitin koyarwa mafi kusa, ya tafi da duk takardunsa, ya faɗi yadda barcinsa da gajiyarsa suke. Likitocinmu da ke fama da cunkoso, ina roƙonku, in gwaji bai nuna komai ba ku ce ba a gano ba tukuna, ku tura mu gaba, kada ku ce lafiya ƙalau. Ku kuma mazaje, iyaye da surukai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In matarku ko 'yarku ta ce jikinta na ciwo, ku gaskata ta, ku raka ta asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.